Mai Tari a Ofishin Awaki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To ku gyara zama, don wannan ba daga bakin kakata na ɗauko ta ba. Da ƙafarta ta zo ta same ni a kan gado.

Jiya da dare na yi wani mafarki. Amma kafin in shiga cikinsa bari in gaya muku abin da na kwanta da shi a raina, don kada ku ce tsufa ne ya fara taɓa ni.

Muna da mota a gidan nan, a-kori-kura mai shan man gas, sunanta Mai Tari. Marigayi Malam, maigidana, shi ya saye ta shekara ashirin da shida da suka wuce, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya kai kilomita dubu ɗari bakwai da ɗoriya, sai ya gaji ya tsaya, ita kuwa ta ci gaba abinta. Da Malam ya rasu aka zo rabon gado, ita ce ta faɗo a tumunina. Ɗana Sadisu ke tuƙa ta, yana kai tumatir da albasa kasuwar Laraba, amma takardunta suna ƙarƙashin katifata.

Mai Tari ba ta tashi da makulli. Kik ɗinta, wato ƙarfen nan da ke tayar da inji idan an murɗa makulli, ya mutu tun Sadisu bai fara gemu ba. Shi ya sa kullum a kan gangaren ƙofar gidanmu take kwana, hancinta na kallon ƙasa, da dutse a gaban taya. Ranar kasuwa sai a janye dutsen, a taru a bayanta a tura, direba ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, ta yi tari uku, ta tashi da baƙin hayaƙi. Malam kuma ya kafa doka: duk wanda ya sa hannu ya tura, ya hau da kayansa, ba a karɓar masa ko kwabo. Tabawa mai daddawa da Yalwa mai tukwane, tsofaffi sa'o'ina da mazansu suka rasu suka bar su da ciyar da kansu, ba su taɓa fashin turi ba. Turin nasu dai ga shi nan, amma suna yi.

To bana sau uku Mai Tari tana mutuwa a hanya. Na ƙarshen, Sadisu ya kwana biyu a gefen titi, tumatirin mutane ya zama miya a cikin kwanduna. Baƙin mai kuwa sha take kamar kunu. Sai Alhaji Mamuda dillalin motoci ya ce zai karɓe ta ya ba mu wata fara 'yar Kwatano, irin waɗanda aka ɗan hau a ƙasar waje, Sadisu ya yi ciko. Ya ce zai zo yau da hantsi, ya ji e ko a'a.

Jiya bayan magariba Sadisu ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, na san don Baba kike riƙe ta. Amma wallahi ta gaji, ni ma na gaji."

Na ce masa ya bari sai da safe. Ni kaina ban san dalilin da ya sa bakina ya ƙi cewa to ba. Na tashi na gyara ƙunshin da ke tokare ƙofar kicin, wani abu mai nauyi da Malam ya naɗe a buhu ya ɗaure da roba shekaru da yawa da suka wuce, ya ce kada a kwance, ni kuwa ban taɓa kwancewa ba. Na yi addu'a na kwanta.

Sai na gan ni da rana tsaka ina tafiya a wani gari, na goyo Mai Tari a bayana. Da zanen goyo na ɗaure ta, tayoyinta na gaba a kan kafaɗuna, tana ɗan minshari. Nauyinta bai fi na yaron da aka kusa yayewa ba, sai dai tana ɗiga mini mai a ƙugu. Ana ruwa a garin, amma daga ƙasa yake tasowa yana hawa sama. Kowa ya kifa lemarsa ya tsaya a ciki. Mata sun ɗaure bokitai a jikin rufin ɗaki, baki ƙasa, suna tarar ruwa. Wata mata ta wuce ni ta leƙa bayana.

"Barka da goyo. Wata nawa?"

"Shekara ashirin da shida," na ce.

"Ta yi haƙori?"

"Sun zube."

"Allah Ya raya," in ji ta, ta wuce.

Ban san sa'ad da na shiga ba, sai ga ni a cikin wani ofis. Awaki ne ma'aikata. Wata jar akuya tana buga na'ura da kofato, wasu biyu suna gardama a kan wanda ya cinye kalanda. A babban tebur kuma wani bunsuru ne zaune, da tabarau da hula, an yi wa hular ƙofa biyu saboda ƙaho. Fanka tana tsaye cik, ɗakin ne ke juyawa a hankali.

"Hajiya, bismilla," in ji bunsurun. "Musaya ko ajiya?"

"Ban sani ba tukuna, ranka ya daɗe."

"To musaya ke nan. Kawo takardu."

Na zaro takardun Mai Tari daga bakin zanena na miƙa masa. Ya sa su a baki ya tauna a hankali, ya lumshe ido, haka suke karatu a can. Ya haɗiye, ya ɗan yi gyatsa.

"Takardu sun cika," ya ce. "Ta inshora ce kawai ba gishiri. Amma akwai magana. Ba ma karɓar mota da tafiya a cikinta. Sai an sauke."

"Ai tafiyar ta wuce, ranka ya daɗe. An riga an yi ta."

"Da ta wuce, da ba ta yi miki nauyi ba." Ya juya ya ce da jar akuyar, "Kai ta wajen sauke kaya."

Wajen sauke kayan wani fili ne, fiye da filin idi. An kwance mini goyo an ajiye Mai Tari a kan tabarma. Awaki huɗu suka kama wani abu a bakin salansar motar, inda hayaƙi ke fita, suka fara ja, sai ga hanya tana fitowa, baƙa, mai faɗin zane, ana janyo ta kamar zaren da ya ƙi ƙarewa. Suna aunawa da kamu, suna shanyawa a kan igiya. Na bi igiyar ina dubawa. Ga hanyar kasuwar Laraba, an ninka ta sau ba adadi har ta yi laushi ta tsakiya. Ga hanyar asibiti ta daren da matar Sadisu ta yi haihuwar fari, har yanzu da ɗumi. Ga wata 'yar gajeriya, daga ƙofar gida zuwa maƙabarta, ranar da Mai Tari ta ɗauki Malam a bayanta. Wannan na tsaya na shafa ta. Jar akuyar ta tambaye ni ko za a naɗe mini ita in tafi da ita, na ce a bari, ina da irinta a gida.

Na zaci nan ne zan ji zuciyata ta ƙi. Ba ta ƙi ba. Hanyoyin nan suna shan iska a kan igiya, Mai Tari kuwa duk kamun da aka zare sai ta yi ajiyar zuciya, kamar wadda ake cire wa ƙaya.

Da aka gama, akuyar ta zagaya bayan motar ta tsaya.

"Hajiya, waɗannan fa na wa ne?"

Na zo na duba. Ƙofar bodi ta baya cike take da tafukan hannu, wani kan wani, kamar ganyen da ruwa ya manna a bango. Akwai manya masu kanta, akwai ƙanana. Na gane na Tabawa da ƙanshin daddawa, na gane na Yalwa da jar ƙasa a bakin farce.

"Na masu turi ne," na ce.

"Ba ma karɓar hannuwa. Ba mu da inda za mu rubuta su."

Ta ɓamɓare su ɗai-ɗai da haƙori, a hankali, ba ta ci ko guda ba. Ta zuba mini a ƙwarya ta rufe da faifai. Na ɗora a kai. Ƙwaryar nan ta fi motar nauyi.

Sai ga ni a gidan gaba na wata farar mota, ƙwaryar a cinyata, Sadisu a sitiyari sanye da kayan angonci. Motar ba ta jira makulli ba ma. Sadisu ya ce mata ina kwana, ta ce lafiya lau, ta tashi. Ba tari, ba hayaƙi. Muna zaune wuri ɗaya, titi ne ke gudu ta ƙarƙashinmu, bishiyoyi suna wucewa suna gaishe mu. Sadisu yana ta dariya, fuskarsa ta cika, rabon da in gan shi haka tun kafin damina. Na ce a raina, ashe dai yaron nan wahala ce ta tsotse shi.

Can sai titin ya kawo mana Tabawa da Yalwa. Suna tsaye a gefe, ɗaya da kwandon daddawa a ka, ɗaya da tukwane biyar a jere, ruwa na tasowa ta ƙarƙashin zannuwansu. Hannuwansu suna cikin mayafi, ban gan su ba. Na ce Sadisu ya tsayar da titin, ya tsayar.

"Ku hau mana," na ce.

Tabawa ta dubi motar, ta dubi bayanta, wanda yake fari fes ba ko tabo.

"Ina za a kama, Innar Sadisu?"

"Ba sai an kama ba. Wannan da kanta take tashi. Ku hau kawai, kyauta ne."

"Mun gode," in ji Tabawa. "Akwai wanda muke jira."

"Wa kuke jira?"

"Bai ce zai zo ba," in ji Yalwa.

Na sake roƙonsu. Suka sake godiya, irin godiyar nan da ake yi wa wanda ya miƙo maka sauran abincinsa a gaban mutane. Suka juya suka kama hanyar kasuwa a ƙafa. Da yake garin haka yake, duk takun da suka yi kasuwar ƙara nisa take. Ina kallon tukwanen Yalwa suna ƙanƙancewa har suka koma kamar ƙwan zabo. A cinyata kuwa faifan ƙwaryar yana ta motsi.

Sai na ga ashe a tsaye nake a kan gangaren ƙofar gidanmu, Mai Tari ta dawo bayana, ba wanda ya ce mini ga yadda aka yi. Malam yana zaune a kan tabarmarsa, tabarmar kuma tana shawagi kamar kamu biyu daga ƙasa, ruwan da ke tasowa ne ya tallafe ta. Yana shan koko. A cinyarsa ga ƙunshin nan na ƙofar kicin, yana jijjiga shi kamar jariri.

"Malam, ka dawo ne?"

"A'a, ke ce kika zo. Kin sha koko?"

"Ban sha ba. Ana so a ba da Mai Tari a karɓo wata."

"Tayar baya ta hagu tana son iska," ya ce.

"Ni ba wannan na tambaye ka ba. In bayar ko in hana?"

Ya kurɓi kokonsa. Haka yake tun yana da rai, sai ka tambaye shi gabas ya duba maka yamma.

"Sauke ta mana, ta danne miki baya. Ni da na saye ta ma ai na sauka."

"To waɗannan fa?" Na buɗe masa ƙwaryar.

Ya leƙa, ya yi murmushi. "Waɗannan ba na motar ba ne. Ba a ba da su."

"Me ke cikin buhun nan da ka hana a kwance?"

"Ki tambayi akuya."

Kafin in ce wani abu sai ga bunsurun nan ya iso da teburinsa a ka. Ya sauke, ya zauna, ya ce lokaci ya yi, ofis zai tashi tun jiya. Ya ɗauko hatimi ya fara bugawa a kan tebur, ba takarda, ba komai. Bam. Bam. Bam. Na ce ranka ya daɗe ka dakata in yi tunani. Ya ce yana dakatawa ne ai. Bam. Bam.

Na buɗe ido. Gari ya waye, ƙofar kicin ce iska ke bugawa da bango.

Na fito ina gyara ɗankwali. Akuyarmu ce ta kwance cikin dare, ta janye ƙunshin daga bakin ƙofa, ta cinye rabin buhun, tana tsaye tana tauna robar tana kallona. Wani ƙarfe ya bayyana, mai kama da ƙaramin turmi, har da sauran takardar kanti a jikinsa. Na kira Sadisu. Ya tsuguna ya juya shi, ya share ƙurar da hannun riga.

"Inna, kin san ko mene ne wannan?"

"Matokarin ƙofa."

"Kik ne. Na Mai Tari. Sabo fil, ba a taɓa ɗaura shi ba." Ya ɗago ya dube ni. "Shekara nawa muna turi, ashe yana nan yana gadin kicin? Baba mantawa ya yi?"

"Ubanka bai taɓa manta ko allura ba," na ce.

Na zauna a kan turmi. Nan na gane abin da ya hana bakina cewa to. Malam ya sayo ƙarfen, ya zo ɗaurawa, sai ya tuna da masu turi. Tabawa ba ta da kuɗin mota, kuma ko za ta kwana da yunwa ba za ta hau kyauta ba. Turin nan shi ne kuɗin motarta. Da shi take hawa kanta a ɗage, har ta yi wa direba faɗa in ya faɗa rami. In mota ta tashi da makulli, an ƙwace mata abin biya.

Na ce da Sadisu, "Je ka ɗaga katifata ka ɗauko takardun. Na yarda. Amma da sharaɗi."

"Faɗi, Inna."

"Sabuwar ma a kan gangare za ta riƙa kwana, da dutse a gaban taya. Ranar kasuwa ka shiga ka zauna. Kada ka taɓa makulli sai ka ji hannuwa a baya."

"Inna, ai ƙarya ke nan. Lafiyarta ƙalau."

"Wa ya ce ka yi magana? Zama kawai na ce ka yi. Zama ba ƙarya ba ne."

Ya sosa ƙeya. "In suka gane fa?"

"Kai dai ka zauna."

Da hantsi Alhaji Mamuda ya iso da farar motar. Ya zagaya Mai Tari sau biyu, ya doki taya da ƙafa, ya ce ta baya ta hagu tana son iska. Na tuna da maganar Malam a mafarki. Idonsa ya kai kan kik ɗin, ya ce a haɗa masa da shi.

"Wannan ba na mota ba ne, Alhaji," na ce. "Na ƙofa ne."

"Hajiya, kik ne fa."

"Shekara ashirin yana tokare ƙofa, bai taɓa kuskure ba. Ba zan canja masa aiki da tsufansa ba."

Ya yi dariya ya shiga Mai Tari. Muka taru a bayanta, har da ni, na sa tafina a inda fenti ya goge. Muka tura. Ta gangara, ta yi tarinta uku, ta bar mana hayaƙi, ta sha kwana wajen masallaci. Na tsaya har ƙarar ta ɓace, sannan na lura bayana ya daina ciwo.

Yau Laraba, kun sani. Aka loda albasa a sabuwar, aka juya hancinta ƙasa. Tabawa da Yalwa suka iso da kayansu, suka tsaya daga nesa suna kallon farin bodi, ba su matso ba. Sadisu ya shiga ya rufe ƙofa ya zauna. Shiru. Ya ci gaba da zama, yana kallon gabansa kamar mai jiran liman. Tabawa ta dubi motar, ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Sannan ta sauke kwandonta a cikin bodi, ta naɗe hannun riga.

"Yalwa, zo mu kama. Ta zamani ce, amma son jiki gare ta."

Suka sa hannu, aka janye dutse, mota ta gangara, Sadisu ya murɗa makulli ta tashi ba ko tari.

"Kun gani," in ji Tabawa tana hawa, tana haki. "Da ba mu zo ba da nan za ku yini."

Sadisu ya dawo gida kafin la'asar, karo na farko a bana, ya ci tuwo ya kwanta. Tabawa ta sayar da daddawarta duka, Yalwa ta dawo da tukunya ɗaya. Mai Tari tana garejin Alhaji Mamuda, an ce wani mai gidan burodi na zawarcinta. Farar motar tana kan gangare, da tafin hannu huɗu a bayanta, biyu na jar ƙasa, na kuma hana a wanke. Akuya an sake ɗaure ta. Kik ɗin Malam na naɗe shi a sabon buhu, yana tokare da ƙofar kicin.